Kamfani Ba Dangi Ba Ne



Akwai wata cuta da ta kama ma'aikatan manyan kamfanonin fasaha na Amurka tun ƙarshen shekarar 2022, kuma har yau ba ta sake su ba. Mutum zai farka da asuba, kafin ya wanke fuska ya lalubi waya, ya duba ko takardar sallama ta shigo cikin dare. In bai gani ba, sai ya buɗe kwamfutar aiki ya gwada lambar sirrinsa, domin wasu ta haka suka san an sallame su, lambar ce ta ƙi buɗewa. In ta buɗe sai ya sauke ajiyar zuciya, yau ma ya tsira. Gobe kuma a sake. Wannan bawan Allah fa, albashinsa na wata guda ya fi abin da da yawanmu muke gani a shekara, amma barci ya gagare shi.

Kuma ba a banza yake tsoro ba. A watan Nuwamba na 2022 kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, ya sallami ma'aikata 11,000, ya ƙara da wasu 10,000 a watan Maris na 2023. A watan Janairun 2023 kaɗai, Google ya sanar da rage 12,000, Microsoft 10,000, Amazon 18,000. Twitter ya rage kusan rabin ma'aikatansa, har da na ofishin Accra da bai daɗe da buɗewa ba. An ɗauka iska ce za ta wuce, sai ga shi a 2025 Microsoft ya sake sallamar kimanin 6,000 a watan Mayu da kimanin 9,000 a watan Yuli, Amazon kuma 14,000 a watan Oktoba. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Lokacin korona duniya ta koma intanet, aka yi ta ɗibar ma'aikata ba ƙaƙƙautawa, har Meta ya tashi daga mutum kusan 45,000 a ƙarshen 2019 zuwa 87,000 a 2022. Daga nan kuɗin ruwa a Amurka ya tashi daga kusan sifili zuwa sama da kashi 5 cikin ɗari, kuɗi ya yi tsada, masu hannun jari suka fara neman riba a hannu. Yanzu kuma dukiyar ta karkata ga ƙirƙirarriyar basira.

To, ni ba korar ce ta fi damuna ba. Tun da aka fara aikin albashi ake ɗauka ana sallama. Abin da ya dame ni shi ne girman tsoron, da kuma abin da ya haife shi. A ganina abu ɗaya ne ya haife shi, wata magana mai zaƙi da aka daɗe ana shayar da ma'aikata, su ma suna sha suna lashe baki: wai mu nan dangi ne.

Dangi! Jama'a, kamfani ba dangi ba ne.

Ku dubi yadda abin yake. Saurayi ya gama jami'a, ya samu aiki a irin waɗannan wurare. Motar kamfani ce za ta ɗauko shi da safe. Karin kumallo a ofis, abincin rana a ofis, na dare ma a ofis, duk kyauta. Wurin motsa jiki yana nan ciki. Rigar da ke jikinsa da jakar da ke bayansa, tambarin kamfani ne a jiki. Abokansa duk abokan aiki ne. Inshorar lafiyarsa da ta matarsa da ta 'ya'yansa tana rataye da aikin, haka kuwa tsarin yake ga yawancin ma'aikata a Amurka. Wani ɓangare mai tsoka na ladansa hannun jari ne da ake sakar masa kaɗan-kaɗan cikin shekara huɗu, in ya tafi kafin nan ragowar ta bi ruwa. In ka tambaye shi wane ne shi, kafin ya faɗi sunan mahaifinsa zai faɗa maka sunan kamfaninsa. To, wanda ya tattara cinsa da lafiyarsa da abokansa da sunansa ya danƙa a hannu guda, yaya ba zai yi rawar ɗari ba in ya ga hannun ya motsa?

Kamfani ba dangi ba ne. Dangi ba sa zama su duba lissafin wata uku su ce 'ya'yan gidan nan sun yi yawa, a rage kashi goma. Kamfani kuwa yana yi, kuma shi a wurinsa ba laifi ba ne, kasuwanci ne. Kai ne ka ɗauki ciniki ka mayar da shi zumunci.

Abin takaicin shi ne irin maganin da masu tsoron suke sha. Wani sai ya ƙara awowin aiki, ƙarfe goma sha biyun dare yana amsa saƙo don a ga ƙwazonsa. Wani ya fasa hutunsa na shekara. Wani ya koma bin jita-jita a waya, an ce sashe kaza ne za a taɓa, an ce ranar Laraba ne, an ga manya sun shiga taro sun rufe ƙofa. Duk wannan bai hana komai ba. A korar da aka yi, an sallami waɗanda suka shekara goma sha biyar a wuri ɗaya, an sallami waɗanda aka yaba wa aikinsu, an sallami matan da ke hutun haihuwa. In aka yanke shawarar rufe sashe, wanda ya zana jerin sunayen sau da yawa bai taɓa ganin fuskarka ba, balle ya san ka kwana kana aiki. Lafiyarka kawai ka ƙarar, ka bar iyalinka suna kallon ƙeyarka.

Wanda ya fi kowa shiga uku shi ne baƙo. Mai bizar aiki ta H-1B, wadda akasarin masu riƙe da ita 'yan Indiya ne amma akwai 'yan Afirka a ciki, in aka sallame shi kwana 60 ke gare shi ya samu wani kamfanin da zai ɗauki nauyinsa, ko ya sauya takarda, ko ya tattara ya bar ƙasar. Kwana 60, ga yara a makaranta, ga bashin gida.

Tun da maganar baƙi ta zo, bari in juyo gida, don mu ma muna da hannu a wannan fargaba. Duk gidan da Allah ya ba ɗa mai aikin kwamfuta a waje, ko mai yi wa kamfanin waje aiki daga ɗakinsa a Kano ko Kaduna ko Yamai, an mayar da shi rijiyar unguwa. Kuɗin makarantar ƙanne shi ne, lefen ɗan baffa shi ne, ragon layya shi ne, kujerar Makka ta gwaggo shi ne. Wanda ko gaisuwar Sallah ba ya yi masa, ranar da ya ji dala ta tashi sai ya tuna da zumunci. Taimakon 'yan'uwa abu ne mai kyau, ba wanda ya ce a daina. Amma ko sau ɗaya an taɓa tambayarsa, wane, kana ajiye wani abu kuwa? An taɓa ce masa bana ka huta, mu za mu ji da wannan? Har ta kai wani in an sallame shi ba ya iya faɗa wa gida. Sai ya ci gaba da aiko da kuɗi daga ɗan abin da aka sallame shi da shi, don kada a ce ya gaza. Haba jama'a! Kamfanin da ba danginsa ba ya ce masa shi dangi ne, mu kuma danginsa na jini mun mayar da shi kamfani.

Mu koma kan mai tsoro. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ruwan a nan shi ne ka fara karɓo rayuwarka daga hannun kamfani tun kana ciki. Ka tara abin da zai riƙe gidanka wata shida ba albashi, ko da za ka haƙura da sabuwar mota. Ka san haƙƙinka: a Amurka akwai dokar 1988 da ta wajabta wa kamfani mai ma'aikata 100 ko fiye ya ba da sanarwar kwana 60 kafin kora mai yawa, akwai kuma dokar da ta ba ka damar ci gaba da inshorar lafiyarka har wata 18, sai dai daga aljihunka. Meta da Google, a waccan korar, sun biya albashin mako 16 da ƙarin mako biyu kan kowace shekarar aiki. Wanda ya san waɗannan alƙaluma ya zauna ya yi lissafi, tsoronsa ba zai kai na wanda ke ta saƙe-saƙe cikin duhu ba. Takardun albashinka da na yabon aikinka, ka ajiye kwafinsu a wajen kwamfutar ofis, don ranar da aka rufe ta ba za a ba ka minti biyar ba. Ka riƙa gaisawa da mutanen da ba a kamfaninku suke ba, tun ba ka da buƙata a wurinsu. Tawakkali ba ya hana tanadi.

Sannan, don Allah, ka faɗa wa matarka halin da ake ciki, ke ma ki faɗa wa maigidanki. Ku kuma da ke gida, in ɗanku ya bugo waya a ƙarshen watan nan, kafin ku karanto masa jerin buƙatu, ku tambaye shi ko yana samun barci.