Raddi Ga Malamin Da Ya Ce Labarin Soyayyar Zamanin Da Kayan Aro Ne

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ranar Asabar bayan La'asar, a wata majalisa kusa da Ƙofar Wunti, wani malami da nake ganin girmansa ya fito da wani rubutu da ɗalibarsa ta kawo masa ya duba. Labari ne na wata budurwa 'yar marina a Bauchi ta zamanin Sarki Ibrahim ɗan Yakubu, wadda saurayinta ya bi ayarin fatake ya ɓace, sai ga zobensa a hannun wani baƙo. Malam ya ce ba zai mayar mata da rubutun ba, ya kuma kawo hujjoji huɗu. Ban tanka a wurin ba, don ba a katse babba. Amma matasa sun ji, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Da farko Malam ya ce haɗa soyayya da abin ɓoye da tafiyar kasada salon Turawan Ingila ne na zamanin Sarauniya Biktoriya. Ban musa cewa sun yi ba: The Moonstone na Wilkie Collins ya fito a 1868, King Solomon's Mines a 1885, Sherlock Holmes kuma ya bayyana a 1887. To amma, Allah ya gafarta Malam, shekarun nan mu ma an rayu a cikinsu. Biktoriya ta hau a 1837, lokacin Yakubu yana kan gadon garin da ya kafa wajen 1809. Ta rasu a 1901, shekara guda kafin Turawa su shigo Bauchi. A tsakanin nan aka yi yaƙe-yaƙen Ningi, 'ya'yan gidan Yakubu suka yi rikicin sarauta, aka ɗauke fada zuwa Rauta. Bajamushen nan Eduard Vogel ya sauka garin nan a 1855, ya wuce Wadai aka kashe shi, Turai ta shekara da shekaru tana aiko masu cigiyarsa. Wanda ke da wannan a rumbunsa me zai je aro?

Kuma su wa suka fara irin wannan a Hausa? Cikinsu akwai ɗan ƙasar Bauchi, Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Shaihu Umar a 1934. An sace yaro ɗan Kagara, an yi wa mijin uwarsa ƙazafi a fada, uwa ta bi sawun ɗanta har ta faɗa bauta ta ƙetare Sahara, kuma a Rauta Shaihun yake ba almajiransa labarin. Na san Malam zai ce ai Bature Rupert East ne ya sa gasar rubutun da ta haifar da littafin a 1933. Haka ne. Injin ɗab'i nasu ne, Kagara da Rauta da ciwon rabuwar uwa da ɗa kuwa namu ne. Larabawa ma sun bi wannan hanya: Jurji Zaidan, mai mujallar Al-Hilal a Alƙahira, ya rubuta labarai sama da 20 na tarihin Musulunci, kusan kowanne da masoya biyu a tsakiyarsa.

Ta biyu, wai a da babu soyayya, iyaye ke zaɓa, yarinya ta bi. Wannan ce ta fi ba ni mamaki daga bakin mai karantar da fiƙihu. In babu mai ƙin miji, me ya sa malamai suka yi babin khul'i? Wa ake yi wa zance da toshi? A zaurukan garin nan ana karanta Banat Su'adu, wadda ta buɗe da begen mace, ana karanta mu'allaƙar Antara mai son Abla. In kuma shaida ake so daga bakin wadda ta ga zamanin, ga Baba ta Karo, haifaffiyar wajen 1877, wadda Mary Smith ta rubuta labarinta ya fito a 1954. An aurar da ita ga ɗan'uwanta zuciyarta na wani wuri, daga baya ta fita ta auri wanda take so. Auren tilas ɗin da Malam ya kafa hujja da shi, shi ne ma abincin marubuci, don inda aka hana so nan labari yake.

Ta uku ba za ta ɗauke mu lokaci ba. Malam ya ce binciken laifi sai da ɗan sanda. Alƙali fa, da dogarai, da maharba masu bin sawu, da rantsuwa a masallaci? Malamanmu sun daɗe suna magana a kan hukunci da alama, suna kafa hujja da rigar Annabi Yusuf (AS) da aka yaga ta baya. Alƙalin da ya sha Tuhfatul Hukkami, aka ajiye zobe a gabansa ga shaidu biyu masu saɓani, ya ishi littafi guda.

Ta huɗu ita ce mai nauyi, kuma a nan na ba Malam rabin gaskiya. Ya ce ƙagaggen labari yana yi wa magabata ƙarya. Idan marubuci ya sa wa Yakubu ko Shehu Usmanu ko Nana Asma'u magana a baki wadda ba su faɗa ba, ko ya ƙaga musu abin kunya, ni ma ina bayan Malam, a hana. Jikokinsu suna nan da rai, kuma amanar tarihi ba abin wasa ba ce. Sai dai yarinyar nan ba ta yi haka ba. Na karɓi rubutun na duba a wurin. Sarki sau ɗaya ya gifta, a kan doki, daga nesa, bai ce uffan ba. Masu magana duk talakawa ne da ta ƙirƙira: marini, dillaliya, madugu, wata kuyanga mai tsagen Ningi. Littattafan tarihinmu sun ƙirga sarakuna da yaƙoƙinsu, amma ba su gaya mana yadda matar da aka kama mijinta take tara kuɗin fansa ba. Wannan giɓin ne take cikewa, kuma ta rubuta a shafin farko cewa ƙage ne.

Kurakuranta na wani wuri dabam, kuma a nan na so Malam ya sa jan alƙalaminsa. A shafi na shida budurwar ta sayi turare da sule biyu, alhali da wuri ake ciniki a lokacin, ana ƙirga shi zambar-zambar, keso guda wuri 20,000. Wani wuri ruwa yana dukan kwanon ɗaki, a garin da rufinsa azara ce da ciyawa. Madugu ya duba agogon hannu, na yi dariya har Malam ya harare ni. Ta kuma bar ƙofar gari a buɗe tsakar dare don masoya su samu fita, ta manta ganuwar nan mai kewayen kusan kilomita 10 ba don ado aka gina ta ba. Da ta sa sun sha wuyar mai gadin ƙofa, da babin ya fi daɗi. Duk waɗannan ciwon rashin bincike ne, maganinsu kuwa yana hannun irin su Malam. Ta je Kafin Madaki ta ga ginin Babban Gwani da idonta, ta zauna da tsofaffin marina, ta tambayi yadda ake ɗaure kayan jaki.

Wani abu kuma da Malam bai ambata ba: 'yan matan da ke tsayawa gaban mai littattafai a kasuwar Wunti, da masu karantawa a waya cikin dare, ba za su daina karanta soyayya ba don an yi faɗa a majalisa. Tun In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ake wannan faɗan, littattafan kuwa sai ƙaruwa suke. Abin da ya rage a zaɓa shi ne inda labarin zai faru, ko a wani gidan bene na Dubai, ko a bakin rijiyar marina cikin ganuwar Bauchi.

Saboda haka ina roƙon Malam, don girman Allah, ya mayar wa yarinyar nan rubutunta, da gyaran wuri da azara a gefen shafi. Kuma labarin nan da yake ba mu na yadda aka ɓoye kakarsa a rumbu ranar da maharan Ningi suka zo, ya kira ta ya ba ta shi tun yana da ƙarfin faɗa.

Wassalamu alaikum.