Kafin a goge maka kwamfuta, duba furoksi

A Illela duk abin da ya sami intanet, sabis ake ɗora wa laifi. Wai kan iyaka muke, waya kan kama layin Ƙonni. To amma idan wayarka na buɗe shafuka lafiya lau, kwamfutar da ke jan data daga gare ta kuwa ta ƙi, kada ka zargi sabis.

Sau da yawa furoksi ne, wato ɗan tsakiyar da ake bi ta hannunsa kafin a isa intanet. Manhajojin sata da muke kwasa a filashi, da saitin "burawuzin kyauta", su ke cusa shi a ɓoye. In ya mutu, shafi ba ya buɗewa. In yana aiki ma ya fi muni, don zirga-zirgarka na bi ta na'urar baƙo.

Abin da ke ba ni haushi, wasu masu gyara ba su san komai ba sai gogewa. Na ga ɗan ajinmu da ya rasa babi uku na furojet a kan aikin minti biyar!

A Windows 10 ko 11, shiga Settings, sai Network & Internet, sai Proxy. Kashe "Use a proxy server", ka cire duk adireshin da ba kai ka sa ba. Firefox na da nasa saitin daban. Idan ka sake kunnawa ya dawo, ɓarawon na cikin gida: cire manhajar, ka bincika da Windows Defender, sannan ka canza kalmomin sirrinka, musamman na banki.