Ciki Ba Don Tuwo Kaɗai Aka Yi Shi Ba, Amma Zuciya Fa?

  

Bari in fara da abin da ya faru da ni. Shekara biyu da suka wuce na kai autana asibiti yana fama da zazzaɓi. Muna zaune a layi sai wata nas ta dube ni ta ce, "Maman yaro, ke ma kawo hannunki in gwada." Na ce mata ni lafiyata ƙalau, ɗan ciwon kai ne kawai da rashin barci. Ta dai ɗaura min abin awon. Da ta ga lambar sai ta ce in huta minti biyar, ta sake gwadawa: 160 bisa 100. Ta sassauta murya ta ce, "Me yake damunki a gida?" Na buɗe baki zan ce babu komai, sai hawaye. Wata huɗu ke nan da rasuwar mahaifiyata, kasuwar maigida ta tsaya, ga kuɗin makaranta yana jira. Duk wanda ya tambaye ni sai in ce alhamdulillahi. Godiyar har zuciyata take, amma damuwar da na ƙi furtawa ta riga ta sauka a jikina.

'Yar uwa, tun muna yara ake gaya mana ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, haƙuri kuma maganin zaman duniya ne. Gaskiya ne. Sai dai abin da kika haɗiye ba ya ɓacewa, akwai inda yake sauka.

Yadda damuwa ke taɓa zuciya

Ki tuna ranar da kika ji ihun yaronki daga waje. Kafin ki san abin da ya faru gabanki ya faɗi, zuciya tana dukan uku-uku. A wannan lokacin jiki ya saki wasu sinadarai biyu, adirenalin da kotisol. Su ne suke sa zuciya ta ƙara sauri, jijiyoyin jini su tsuke, jini ya hau, sukari ya ƙaru a cikin jini, don ki samu ƙarfin rugawa. Da kin ga yaron lafiya, komai sai ya koma daidai. Rahama ce Allah Ya yi mana.

Matsalar tana zuwa ne idan abin tsoron bai da ranar ƙarewa: bashi, rikicin aure, zaman kishi, jinyar iyaye, ɗan da ya kangare, tsadar abinci. Sai jiki ya zauna cikin shirin gudu dare da rana, wata da watanni. Jijiyoyin da suka daɗe a tsuke sukan yi tauri, zuciya kuma ta riƙa aikin da ya fi ƙarfinta. Sannan damuwa tana hana barci, tana sa wata ta daina cin abinci, wata kuma ta riƙa cin kayan zaƙi da soye-soye ba ƙaƙƙautawa, mai shan magani ta manta da shi. Ta haka hawan jini ke samun gindin zama, daga shi kuma sai ciwon zuciya, ciwon ƙoda ko shanyewar ɓarin jiki.

Likitoci sun daɗe da tabbatar da wannan. Wani babban bincike mai suna INTERHEART da aka wallafa a 2004, wanda ya shafi mutane kusan 30,000 a ƙasashe 52, ya lissafa abubuwa tara da ke kan gaba wajen jawo bugun zuciya. Damuwa tana cikinsu, jere da shan taba, hawan jini, ciwon sukari da teɓa.

Maganar da muke yi cewa baƙin ciki ya kwantar da wance ma tana da suna a likitance. A 1990 likitoci a Japan suka bayyana wani ciwo da suka kira takotsubo, sunan wani tulu mai tsukakken wuya da masuntansu ke amfani da shi. Mummunan labari ko firgici yakan sa ɓangaren hagu na zuciya ya saki ya kumbura kamar wannan tulun, mutum ya ji kamar bugun zuciya alhali jijiyoyinsa ba su toshe ba. Kusan tara cikin goma na masu kamuwa da shi mata ne, akasari waɗanda suka daina al'ada. Yawanci sukan warke cikin 'yan makonni idan an kai su asibiti, amma yana iya kisa. Don haka idan uwa ko gwaggo tana zaman makoki ko takaba ta ce ƙirjinta ya riƙe, kada a tsaya ga ba ta haƙuri kawai. A kai ta a duba ta.

Haƙuri da shiru ba ɗaya ba ne

A Suratu Yusuf mun karanta yadda baƙin cikin rabuwa da ɗa ya taɓa idanun Annabi Yakubu (AS), ga shi kuwa abin koyi ne wajen haƙuri. Bai ɓoye cewa yana cikin baƙin ciki ba, ya kai kukansa ga Ubangijinsa. Ashe jin ciwo a rai ba raunin imani ba ne, faɗarsa a inda ya dace ma ba rashin haƙuri ba ne.

Ki samu mutum ɗaya mai riƙon amana, ko yayarki, ko aminiya, ko malamarku ta Islamiyya, wadda kika san maganarki ba za ta zaga unguwa ba. Idan babu, ki rubuta a takarda ki yage. Idan kuma abin da ke cin ki yana da mafita, a nemi mafitar: a kira manya a zauna, a yi maganar bashin, a raba aikin jinyar tsakanin 'yan uwa. Babu shayin da zai warkar da matsalar da zama da magana ne maganinta.

Abubuwan da za ki iya yi a gida

Na farko, numfashi. Idan kin ji ranki ya ɓaci ko gabanki yana faɗuwa, ki zauna, ki ja iska ta hanci kina ƙirga huɗu, ki fitar a hankali kina ƙirga shida. Ki yi haka na minti biyar. Fitar da numfashi a hankali yana rage saurin bugun zuciya. Ni nakan haɗa shi da tasbihi bayan sallah, kafin yara su kewaye ni.

Na biyu, motsa jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi yana buƙatar aƙalla minti 150 a mako, wato minti 30 sau biyar. Na san za ki ce aikin gida ai motsa jiki ne. Yana taimakawa, amma tsayuwa a bakin murhu daban, tafiya da sauri har ki ji ɗumi a jikinki daban. Ki taka ki raka yara makaranta. Idan ba kya fita, ki zagaya tsakar gida da sassafe, minti goma-goma sau uku ma ya wadatar.

Na uku, barci. Jikinki yana son awa bakwai ko fiye. Mai goyo ba za ta samu haka a jere ba, don haka idan jariri ya yi barcin rana ke ma ki kishingiɗa, wanke-wanke ba zai gudu ba. Ki rage goro, kofi da shayi mai kauri daga la'asar. Wayar nan da ke hannunki kuma, ki ajiye ta awa ɗaya kafin kwanciya. Bidiyon tashin hankali da rigimar guruf ɗin WhatsApp da ƙarfe sha ɗayan dare ba abin da suke ƙara miki sai faɗuwar gaba.

Na huɗu, tukunyarki. Gishirin da babba zai ci a yini bai kamata ya kai giram 5 ba, wato ƙasa da ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen ɗanɗano, burodi da taliyar yara. Kanwa ma tana ɗauke da sinadarin da ke cikin gishiri, a yi hankali da ita. Ki rage su kaɗan-kaɗan, ki ƙara daddawa, albasa, citta da tafarnuwa, mutanen gida ba za su farga ba. Ki yawaita zogale, rama, alayyahu, wake da 'ya'yan itacen da ake yayi.

Na biyar, zoɓo. An gwada shi, an ga yana ɗan sauke hawan jini idan ana sha a kai a kai, da sharaɗin ba a cika masa sukari ba. Amma ba ya maye gurbin maganin asibiti. Mai juna biyu da mai shan maganin hawan jini su tambayi likita tukuna.

Abin da nake roƙon ki guje masa shi ne neman sauƙi a kwalba ko ƙwaya. Mata da yawa sun faɗa shan maganin tari mai kodin da ƙwayoyin barci ne ta ƙofar damuwa, abin da ya kai gwamnatin Najeriya ta haramta haɗawa da shigo da irin wannan maganin tarin a 2018. Haka ma jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba, wasu ƙoda suke taɓawa.

Lokacin da ba a jira

Hawan jini ba ya sallama. Mace tana iya yawo da shi shekaru ba ta ji komai ba. Ki je a gwada ki, ko a kemis ne, ki rubuta lambar da kwanan wata. Idan ta kai 140 bisa 90 ko ta wuce a ranaku biyu daban-daban, ki ga likita. Idan an ɗora ki a kan magani, kada ki daina don kin ji sauƙi.

A tafi asibiti nan take idan kin ji nauyi ko matsi a ƙirji, ciwon yana tafiya hannu, haɓa ko baya, ko numfashi yana yankewa, ko gumi mai sanyi da tashin zuciya. Mu mata sau da yawa mukan ce olsa ce, mu sha magani mu kwanta. Haka idan baki ya karkace, magana ta sarƙe, ko hannu ya yi nauyi. Mai jego kuma da ƙafafunta suka kumbura, tana haki, ba ta iya kwanciya sai ta tara matasai, kada a ce gajiyar haihuwa ce. Ciwon zuciya na bayan haihuwa ya yi yawa a arewacin Najeriya, kuma da wuri ake son kama shi.

Idan kuma kin yi mako biyu ko fiye cikin ƙunci, kuka ba dalili, ba kya jin daɗin komai, ko kina jin gara ma a ce ba kya raye, ki gaya wa likita da wani naki yau. Ciwo ne da ake magancewa, kuma ba hauka ba ne.

Ni dai ina shan maganina, ina takawa da safe, kuma duk Juma'a ina kiran yayata mu yi hira ta gaskiya. Awona na ƙarshe 128 bisa 82 ne. Matsalolin ba su ƙare duka ba, amma na daina ɗaukarsu ni kaɗai.

Aikinki na wannan makon ɗaya ne: ki gwada jininki. Sannan ki dawo nan ƙasa ki gaya mana me kike yi idan ranki ya ɓaci, wata za ta ƙaru da ke. Ba sai kin sa sunanki ba. Allah Ya yaye mana damuwa, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.