Mu ɗauki kyamara mu nufi Ƙaraye da Rogo

A shekarar 2009 an fitar da wani fim na gaskiya a Koriya ta Kudu mai suna Old Partner. Ba jarumi ba jaruma, ba waƙa ba rawa. Lee Chung-ryoul ne ya bi wani dattijo manomi da matarsa da tsohon san nomansu da kyamara, har ranar da san ya mutu. Mutum kusan miliyan 3 ne suka biya kuɗi suka kalle shi a sinima. Da na gama kallonsa, kakana na tuna. Shi ma da garmar shanu ya yi noma a wani ƙauyen Rogo, ya rasu ba mu da ko minti ɗaya na muryarsa. Waya kuwa tana hannuna duk ranar da na je gaishe shi.

Shi ya sa nake cewa, 'yan uwana ɗalibai, musamman 'yan sashen aikin jarida: furojet ɗinmu na ƙarshe bai kamata ya ƙare a takardar tambayoyi da za mu cike da kanmu a hostel ba. Mu fita mu ɗauko wani abu.

Me za a ɗauko? Ga Dam ɗin Challawa a ƙasar Ƙaraye, wanda aka kammala a 1992. Wanda yake da shekara 30 a lokacin yau ya haura 60. Shi kaɗai ya san gonar waye a ƙarƙashin ruwan nan, ina hanyar kasuwa ta bi, yaya manomi ya koma masunci. Ga ita kanta masarautar: an ɗaga ta a 2019, aka rushe a 2024, sannan aka dawo da ita a matsayi na biyu, Ƙaraye da Rogo a ƙarƙashinta. Mun sha jin bakin 'yan siyasa a rediyo. Maroƙin fada da makaɗi da talakan gari fa, wa ya tambaye su? Ga tsangayu, inda ake karatu da hasken wutar kara, da alaramma mai rubuta Alƙur'ani da ka. Ga sallar roƙon ruwa idan damina ta yi gardama.

Na san abin da za a ce: “Ina kuɗin? Wa ma zai kalla?” Gaskiya ne, kuɗin mota kaɗai aiki ne. To amma mutum huɗu za su iya yin karo-karo, su sami waya mai kyau da 'yar makirfo ta maƙalawa a riga. Kallo kuwa, mu da muke raba dare kan tarihin sarakunan Koriya a Jumong, ai ba mu da bakin cewa tarihi ba ya sayuwa.

Sharaɗi ɗaya ne: a shiga da sallama. A fara gaida mai gari, a nemi izini kafin a ɗaga kyamara, kada a mai da talauci ko addinin wani abin dariya a TikTok. In an gama, a koma a haska musu.

Roƙona ga ƙungiyarmu ta ɗalibai, ta ware dare ɗaya a kowane zango don haska irin waɗannan finafinai, ɗakin karatu kuma ya ajiye kwafi. Ni dai hutun nan Rogo na nufa. Ƙanwar kakana tana nan da ranta, Allah Ya ƙara mata lafiya.