Sunan Gyara, Aikin Zalunci: Raddi ga Masu Wanke Fitinar Gamergate

Akwai wani ra'ayi da ya daɗe yana yawo a tsakanin ma'abota wasannin bidiyo, tun daga Amurka inda al'amarin ya auku har zuwa duk ƙasar da samari ke riƙe da waya suna buga gem, wanda saboda yawan maimaita shi ya kai matsayin abin da ake karɓa ba tare da neman dalili ba. Cewa ake yi wai fitinar nan da ta tashi a shekarar 2014, wadda aka laƙaba wa suna Gamergate, asalinta koke ne na gaskiya a kan lalacewar ɗa'ar aikin jarida, sai dai wasu tsirarun wawaye suka saje da masu koken suka zagi mata, su kuma masu fafutukar haƙƙin mata suka kambama maganar don biyan bukatarsu, saboda haka kowane ɓangare yana da nasa laifin, shi ke nan magana ta ƙare. Wannan zance yana da daɗin ji, gama yana ba mai faɗinsa kamannin adali wanda bai karkata ga kowa ba. Amma ma'anar adalci a wurin malamai ita ce ajiye kowane abu a muhallinsa, kuma duk wanda ya bi tarihin al'amarin daki-daki zai iske cewa raba laifin nan gida biyu daidai shi kansa wani zalunci ne.

Mu fara daga tushe, domin hujja tana wuyan mai da'awa, kuma da'awar da ta ɓaci ba ta inganta don yawan masu goyon bayanta. A watan Agusta na 2014 ne wani mutum, bayan sun ɓata da budurwarsa Zoë Quinn, wadda ta ƙirƙiro wani ƙaramin wasa mai suna Depression Quest a kan halin da mai ciwon damuwa yake shiga, ya zauna ya rubuta dogon bayani yana tona asirin zaman da suka yi, har da saƙonnin da suka aika wa juna a keɓe, ya watsa shi a intanet. Daga cikin wannan rubutu na mai fushi aka tsamo zargin da ya zama harsashin fitinar duka, watau cewa ta yi tarayya da wani ɗan jarida, Nathan Grayson na mujallar Kotaku, domin ya yabi wasanta. Editan mujallar a lokacin, Stephen Totilo, ya bincika ya bayyana cewa Grayson bai taɓa rubuta sharhin auna wasan nan ba, ambaton da ya yi mata a Kotaku kuwa ya riga dangantakarsu. Wasan kansa kyauta ake samunsa, wanda ya so ya ba da abin da ya sawwaƙa. Shi ma mai rubutun ya amsa daga baya cewa ba shi da wata shaida a kan an sayi yabo ta wannan hanya. Ashe yabon da aka ce an saya babu shi a duniya, alhali kuwa a kansa aka tara dubban mutane.

Mai karatu da ya tashi a gidan da ake karanta Suratun Nur ya san nauyin da shari'a ta ɗora wa wanda ya jefi mace da alfasha, cewa ko dai ya kawo shaidu huɗu, ko kuwa a tsayar masa da haddin kazafi, bulala 80, a kuma daina karɓar shaidarsa. Ya kuma san cewa Suratul Hujurat ta yi umurni da a tabbatar da labari kafin a yi aiki da shi, ta kuma hana bin diddigin asirin mutane. Ban kawo wannan don in ɗora wa mutanen Amurka hukuncin da ba sa bi ba. Na kawo shi ne domin wanda yake da irin wannan mizani a hannunsa ba shi da uzurin da zai kira abin da aka yi wa Quinn gyaran jarida. An watsa adireshin gidanta da lambar wayarta, an yaɗa hotunanta na tsiraici, an riƙa kiran mahaifinta a waya ana zaginta, an yi mata barazanar fyaɗe da kisa, har ta bar gidanta ta koma fakewa wurin abokai. A tsakiyar wannan ne, ranar 27 ga Agusta, ɗan wasan fim Adam Baldwin ya raɗa wa abin suna Gamergate, watau cin mutuncin ya girmi sunan da ake wanke shi da shi.

Bal ma ya girme shi da shekara biyu, in muka dubi labarin Anita Sarkeesian. Wannan mata, wadda ta kafa shirin Feminist Frequency, ta fito a 2012 tana neman gudummawar dala 6,000 ta hanyar Kickstarter domin ta shirya jerin faifan bidiyo a kan yadda wasanni ke siffanta mata, sai jama'a suka tara mata sama da dala 158,000. Amma tun kafin ta fitar da faifai ko ɗaya aka rufe ta da ashar da barazana, har wani ya ƙera wasa wanda aikin mai buga shi kawai ya riƙa naushin hoton fuskarta har ta kumbura. A lokacin babu Grayson, babu Kotaku, babu zargin sayen yabo. A watan Oktoba na 2014 kuwa, da aka gayyace ta ta yi lacca a jami'ar jihar Utah, sai aka aiko da wasiƙa ana barazanar maimaita kisan gillar da aka yi a Montreal ta Kanada a 1989, inda wani ɗan bindiga ya kashe mata 14 a wata makarantar koyon aikin injiniya. Da 'yan sanda suka shaida mata cewa dokar jihar ba ta ba su ikon hana mai lasisi shiga zauren da bindiga a ɓoye ba, ala tilas ta soke laccar. A wannan watan ne Brianna Wu, mai kamfanin ƙera wasanni a yankin Boston, ita ma ta gudu daga gidanta bayan an buga adireshinta. To, ina neman masu wancan ra'ayi su amsa mini wannan mas'ala: Quinn da Wu masu ƙera wasa ne, Sarkeesian mai nazari ce, ko ɗayarsu ba ma'aikaciyar wata jarida ba ce, ta yaya yaƙin gyaran jarida ya zamana waɗanda suka fi jin raɗaɗinsa ba 'yan jarida ba ne?

Kada a ce aikin tsiraru ne, domin an ƙidaya. Mujallar Newsweek ta sa an bi saƙonnin Twitter masu ɗauke da sunan Gamergate a watan Oktoba na 2014, sai aka tarar cewa waɗanda aka aika wa Quinn sun ninka waɗanda aka aika wa Grayson fiye da sau goma, na Sarkeesian da Wu kuwa sun fi na Quinn ɗin ma yawa. In da gaske ɗa'ar jarida ake karewa, ai ɗan jaridar da ake zargi da sayar da alƙalaminsa shi ne babban mai laifi, shi ya kamata hankali ya fi komawa kansa. Daɗin daɗawa, a wannan watan 'yar wasan fim Felicia Day ta rubuta cewa tsoro ne ya hana ta magana a kan al'amarin, sai nan da nan aka watsa adireshinta. Alhali Chris Kluwe, tsohon ɗan ƙwallon Amurka, ya yi wa 'yan Gamergate tatas da kalmomi masu zafi ƙwarai, ba a kuwa yi masa haka ba. Namiji ya zage su an ƙyale shi, mace ta ce tana tsoro an nuna wa duniya ƙofar gidanta.

Haƙiƙa akwai ɓarna a aikin jaridar wasanni, ba kuwa ƙarama ba, sai dai mazauninta yana inda kuɗi yake. Mujallun nan da tallan manyan kamfanoni suke rayuwa, kamfanonin ne ke ba su wasa kafin ya fito kasuwa, su ne ke gindaya ranar da za a buga sharhi, su ne ke gayyatar marubuta bukukuwa, kuma wanda ya ɓata musu rai suna iya yanke masa duk wannan. A watan Nuwamba na 2007 aka kori marubuci Jeff Gerstmann daga mujallar GameSpot bayan ya ba wasan Kane & Lynch: Dead Men maki shida cikin goma, a lokacin da tallan wasan ya cika shafin, kuma a 2012 ya tabbatar da bakinsa cewa matsin masu talla ne ya jawo korarsa. A ƙarshen Satumba na 2014, daidai lokacin da ake farautar Quinn, kamfanin Warner Bros. ya fitar da wasan Middle-earth: Shadow of Mordor, ya biya masu shirye-shirye a YouTube kuɗi bisa sharaɗin su yabe shi kada su nuna aibinsa, ba a kuma bayyana wa masu kallo yadda ya kamata cewa talla suke kallo ba, har hukumar kula da ciniki ta tarayyar Amurka ta tuhumi kamfanin, aka sasanta a 2016. Ga sayen yabo ƙuru-ƙuru, da kuɗi da sharaɗi a rubuce, amma babu shugaban kamfanin da aka kora daga gidansa saboda shi. An bar jaki ana dukan taiki.

Masu wancan ra'ayi za su ce ai koken ya yi amfani, tun da mujallun Kotaku da Polygon sun gyara ƙa'idojinsu a kan marubucin da ke ba mai ƙera wasa tallafin kuɗi ta Patreon, kuma akwai mutane masu kyakkyawar niyya da suka shiga tafiyar. Na yarda da duka biyun. Amma ingancin take ba ya tsarkake aikin da aka yi a ƙarƙashinsa, kamar yadda Sayyidina Ali ya hukunta taken Hawarijawa da cewa lafazinsa gaskiya ne, abin da ake nufi da shi kuwa ɓata ne. Babbar shaida a kan haka ita ce makamin da 'yan Gamergate suka zaɓa da kansu. Da Leigh Alexander ta rubuta maƙala a mujallar Gamasutra tana sukar ɗabi'un da suka yi kanta a tsakanin 'yan gem, sai suka shirya rubuta wa masu talla wasiƙu, har kamfanin Intel ya janye tallansa daga mujallar a watan Oktoba na 2014, ko da yake ya ba da haƙuri daga baya ya mayar. Sa mai talla ya hori jarida saboda ra'ayin marubucinta, ai wannan ita ce ainihin cutar da ta ci Gerstmann. Wanda ya ɗauki cutar ya mai da ita makaminsa ba zai ce maganinta ya zo nema ba.

Sa'an nan a dubi wanda ya yi aikin jaridar na haƙiƙa bayan ƙura ta lafa. Kotaku ɗin nan da aka mai da abar tsinuwa ita ce ta bayyana a 2015 cewa kamfanonin Bethesda da Ubisoft sun daina hulɗa da ita saboda ta buga labaran da ba su so ba. A cikinta ne Cecilia D'Anastasio ta buga bincikenta a watan Agusta na 2018 a kan wariya da cin zarafin da mata ma'aikata ke fuskanta a kamfanin Riot Games, mai wasan League of Legends, abin da ya kai ga ƙara, har kamfanin ya amince a ƙarshen 2021 zai biya dala miliyan 100. A watan Yuli na 2021 kuma wata hukumar jihar Kalifoniya ta kai kamfanin Activision Blizzard kotu bisa zargin nuna wa mata bambanci, aka sasanta a 2023 a kan kuɗin da ya haura dala miliyan 50. Matan da aka ce suna ƙirƙirar matsala don neman suna, ga shi takardun kotu sun nuna cewa akwai abin dubawa a gidan.

Na san cewa a cikin masu karatu akwai waɗanda ba su yarda da aƙidar 'yan fafutukar mata ta Yammacin duniya ba, kuma ba a buƙatar su yarda da ita kafin su yi hukunci na gaskiya a nan. Abin da Sarkeesian ta faɗa shi ne cewa wasanni da yawa, tun daga gimbiyar da ake sacewa a Super Mario, suna mai da mace ganimar da ake ceto ko adon da ake kallo, alhali kusan rabin masu buga wasa a Amurka mata ne. Wannan da'awa ce da ake iya yi wa raddi, a kawo misalan da suka saɓa mata, a nuna inda ta zarce iyaka, kuma akwai waɗanda suka yi hakan cikin ladabi, babu mai zarginsu. Haka nan gaskiya ne cewa wasu magoya bayan Gamergate su ma an yi musu barazana, har da ta bam a tarukansu a 2015, wannan ma abin ƙyama ne ko daga wa ya fito. Sai dai laifin da ya biyo baya ba ya shafe tambayar wa ya fara, da me aka fara, kuma a kan wa aka taru. Hukumar FBI ta yi bincike a kan barazanar da aka yi wa matan nan, ta rufe shi ba tare da an gurfanar da kowa ba, saboda haka ɗan adalcin da ya rage musu shi ne a faɗi labarinsu yadda ya faru.

Don haka ina kira ga samarinmu masu buga wasannin nan, da duk mai riƙe da waya a hannunsa, cewa a duk sa'ad da kuka ga taro ya yi caa a kan mutum guda da sunan gyara ko kare ɗa'a, ku tambayi hujjar da'awar kafin ku tura saƙon gaba, ku duba wa ake duka kuma wa aka ƙyale, ku kuma tuna cewa mutuncin mace ba ya halatta don kun saɓa da ra'ayinta. Wanda ya yaɗa kazafi yana da kamasho a cikin zunubinsa, ko da bai san wadda aka yi wa ba, ko da kuwa tana wata nahiya.