Garantin kayan lantarki: kada a sayar wa mutum haƙƙinsa

Da zarar kaka ta yi, manoman Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa kan juya kuɗin masara da shinkafa zuwa kayan gida: faifan sola, batiri, firji da fanka. Sau da yawa mai shago kan nemi ƙarin kuɗi da sunan tsawaita garanti zuwa shekara biyu, amma da fatar baki kawai. Ranar da batiri ya daina riƙe wuta, sai magidanci ya ɗauko shi daga Riruwai, ya ratsa dajin Falgore har Kano, a ce masa kayan da ya fita ba ya dawowa.

Wannan magana ba ta da gurbi a Shari'a. Malaman Malikiyya sun tabbatar, kamar yadda masu karatun Risala suka sani, cewa wanda ya tarar da tsohon aibi a abin da ya saya yana da zaɓin riƙewa ko mayarwa. Ɓoye aibi ha'inci ne, kuma Manzon Allah (SAW) ya yi tir da shi lokacin da ya tarar da danshi a ƙarƙashin tarin abincin wani ɗan kasuwa.

Dokar ƙasa ma ta zo da makamancin haka. Dokar kare haƙƙin masu saye da aka sanya wa hannu a 2019, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye wata uku ya mayar da kayan da bai cika inganci ba, a gyara, ko a musanya, ko a biya shi. Wannan haƙƙi kyauta ne. Duk wanda ya karɓi kuɗi a kansa ya sayar wa mutum abin da ya riga ya mallaka.

Shi kuwa ƙarin garanti, malamai da dama na wannan zamani sun bambanta tsakanin wanda aka shardanta cikin cinikin da wanda aka saya daban. Na farko ya bi kaya, don haka suka sauƙaƙa. Na biyu suna ganin ya yi kama da inshorar kasuwanci, wadda Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta hana a 1985 saboda garari, wato rashin tabbas game da abin da aka biya kuɗi dominsa.

Saboda haka muna kira ga 'yan kasuwa su rubuta a rasit tsawon wa'adi, da abin da garanti ya ƙunsa, da wanda zai ɗauki nauyin gyara da kuɗin mota. Magidanta su adana rasit, idan an zalunce su su kai kuka ga hukumar kare haƙƙin masu saye ta Jihar Kano. Ɗalibai kuma su riƙa karanta wa iyayensu takarda kafin a miƙa kuɗi.

Allah Ya sa albarka a kasuwanninmu, Ya tsare mu daga cin haƙƙin juna.