A buɗe akwatin wasiƙun manyan Ingila

Yau za mu yi magana a kan wata kasuwa da ke ƙasar Ingila. Ba hatsi ake sayarwa a cikinta ba, ba bisashe ba. Tsofaffin wasiƙu ake sayarwa, waɗanda ministoci da masu sarautar ƙasar suka rubuta da hannunsu, shekara 100 ko 200 da suka wuce. A birnin Landan akwai manyan gidajen gwanjo, kamar Sotheby's da Christie's. Mai gwanjo ya nuna takarda, masu kuɗi su yi ta tayi. Wanda tayinsa ya fi, shi zai ɗauka. Wani ya sa ta cikin gilashi ya rataya a bango. Wani ya kulle ta cikin akwati, yana jiran ta ƙara tsada.

Wannan al'ada tana da illa babba. Ku saurara ku ji dalili.

Da yawa cikin masu tara wasiƙun nan ba maganar da ke ciki ta dame su ba. Sa hannun babban mutum suke so. Abin ya daɗe. Kafin shekara ta 1840, ƴan majalisar Ingila da masu sarautar da ake kira Lod ba su biyan kuɗin aika wasiƙa. Sa hannu kawai suke yi a bayan takarda, gidan waya ya kai ta kyauta. Sai mutane suka shiga yanke wurin da aka sa hannun, suna liƙawa cikin manyan littattafai, suna gasar wa ya fi tarawa. Sauran takardar kuwa, sau da yawa a yar da ita. Kun ga wanda ya zubar da gero ya adana buhu.

Wani zai ce: ina ruwanmu da takardun Ingila? Da ruwanmu ƙwarai. A ranar 5 ga watan Agusta na 1890, Lod Salisbari, shugaban gwamnatin Ingila, ya sa hannu a takarda tare da jakadan Faransa. Suka ja layi daga garin Sayi, a bakin kogin Kwara, zuwa Barwa, a bakin tafkin Cadi. Arewa ta Faransa, kudu ta Ingila. An gyara layin a 1898 da 1904 da 1906, har ya zama iyakar Nijar da Najeriya. Shi ya sa yau mutumin Maraɗi sai ya ƙetare iyaka in zai je biki Katsina. Salisbari bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Shi da bakinsa ya faɗa a wannan shekara cewa sun yi ta ba juna duwatsu da koguna, alhali ba su san inda suke ba.

Mutum irin wannan, in ya rubuta wa jakadansa ko abokinsa wasiƙa, a nan yake faɗin abin da ba ya faɗi gaban jama'a. Takardun ofis nasa suna gidan ajiyar takardun gwamnati a Landan. Amma tarin wasiƙunsa na kansa suna gidan iyalinsa, a Hatfil, arewa da Landan. Mai son dubawa sai ya nemi izinin masu gida. Su dai sun adana su wuri guda, an kuma san inda suke. To, yaya wasiƙar da ta shiga gwanjo? Yau tana Landan, gobe tana Amurka, jibi ba wanda ya san akwatin da take ciki.

Ku ɗauki misali da takardar gona. Dattawa sun zauna, an raba gado, an rubuta iyaka, an sa hannu. Sai wani mai kuɗi ya saye takardar don rubutun ya yi masa kyau, ya tafi da ita garinsu. Ran da rikici ya tashi, wa zai ba da shaida? Wasiƙar mai mulki ita ma shaida ce, amma a kan al'umma dukanta.

Ga wata wasiƙa da ta isa misali. A ranar 2 ga watan Nuwamba na 1917, Balfo, ministan harkokin waje na Ingila, ya rubuta wa Lod Rotshild ƴar gajeruwar wasiƙa. A ciki ya ce gwamnatinsa tana goyon bayan a kafa wa Yahudawa mazauni a Falasɗinu. Har yau duniya tana fama da abin da ya biyo baya. Wannan takarda tana babban ɗakin karatu na ƙasa a Landan, don mai ita ya ba da ita. Ba mai iya ƙara mata kalma ko ya rage. Da an sayar da ita an ɓoye, da sai ji-ta-ji-ta.

Masu tara wasiƙu suna da tasu hujja. Suna cewa ba don su ba, da wuta da ruwa da ɓeraye sun cinye takardu masu yawa. Gaskiya ne, kuma a gode musu. Amma wanda ya ceci takarda daga ɓera ya hana mutane karanta ta, me ya ƙara? Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Suna kuma cewa dukiyarsu ce, da kuɗinsu suka saya. Ku dubi abin da ya faru da takardun Cocil, wanda ya shugabanci gwamnatin Ingila lokacin yaƙin duniya na biyu. A 1995 aka biya masu gadonsa fam miliyan 12 da rabi, daga kuɗin cacar ƙasa, don takardun su zama na jama'a. Yau suna garin Kambirij, ana karanta su. Amma mutanen Ingila da yawa sun yi fushi. Suka ce yaya za a sayar musu da abin da aka rubuta a bakin aikinsu? Fushinsu yana kan hanya. Minista ɗan aikin jama'a ne. Abin da ya rubuta a kan sha'anin mulki amana ce a hannunsa da hannun magadansa.

Ba mu ce a ƙwace wa kowa kayansa ba. Wasiƙar da Lod ya rubuta wa matarsa a kan doki ko farauta, mai so ya saya ya rataya. Amma wadda ta taɓa yaƙi, ko haraji, ko iyakar ƙasa, kada a yanke ta, kada a raba ta da ƴan'uwanta, kada a ɓoye ta. Mai riƙe da ita ya bari a ɗauki hotonta. Yau wannan aiki ba wuya, da wayar hannu ma ana yi. A sa hoton a intanet, a aiko wa ɗakunan karatu na Yamai da Zinder da Sakkwato. Malamanmu su juya ta da Hausa, mu karanta da idonmu. Gani ya kori ji.

An yi maganar ƙasarmu ba ma wurin. Hakkinmu ne mu san abin da aka faɗa.